Ranar da na shiga ƙarƙashin teku a Zanzibar da tulun iska a bayana

Ni fa tun ina yaro babu abun da Hajiyarmu ta tsana kamar a ce mata an gan ni a kududdufi. Duk damina sai na sha bulala a kan haka, don ko na tsaya na bushe tas kafin in shigo gida, kama hannuna take yi ta karta farce a fatar, in farin layi ya fito to asiri ya tonu, sai dai in fara ba da haƙuri. Amma duk da dukan nan, a yaran layinmu babu wanda ya kai ni daɗewa a nutso, in na toshe hanci na shige sai a yi ta ƙirge har a gaji. Da wannan taƙamar na je Zanzibar, kuma wallahi ita ce ta so ta ja min.

Aiki ne ya kai mu Dar es Salaam ni da wani abokin aikina, da aka gama taro muna da kwana huɗu a hannu kafin jirginmu na komawa, sai muka ce bari mu tsallaka tsibirin nan da ake ta ba mu labari. Jirgin ruwa mai gudu muka hau, wajen awa 2 ya sauke mu a Stone Town. Garin sai ka ce wata unguwa aka ɗauko daga cikin birnin Kano aka ajiye a bakin teku, lunguna matsattsu, kiran sallah ta ko'ina, dattawa da hulunansu suna shan gahawa a dakali. Kwana ɗaya muka yi muka ɗauki mota zuwa Matemwe, wani ƙauyen masunta a arewa maso gabashin babban tsibirin da suke ce wa Unguja, tafiyar awa ɗaya da wani abu. In ka tsaya a bakin ruwan wajen za ka hango wani ɗan ƙaramin tsibiri can gaba, shi ne Mnemba. Ba a barin kowa ya taka shi sai baƙin otal ɗin da ke kai, amma ruwan da ya kewaye shi nan ne ake kai mutane nutso, kuma waje ne da gwamnati ta killace don kare halittun ciki.

Mutumina ne ya fara maganar. Ya ce tunda kullum kana cika mana baki da nutson kududdufi, ga fili ga mai doki. Shi da kansa ko tafkin otal ba ya shiga, amma wajen zuga ba a magana. Muka shiga wani shagon masu nutso, irin wannan da ake goya tulun iska ana ce masa sukuba, na tambayi kuɗi aka faɗa min da dala, ya haura 100, na yi saurin bugawa a naira a waya na ji kaina ya sara. Na dai biya, don in na fita a lokacin na san har mu koma gida ba zan huta da gori ba.

Abun farko da aka miƙo min ba kayan nutso ba ne, fom ne. Tambayoyin lafiya jere: kana da asma? ciwon zuciya? hawan jini? farfaɗiya? an taɓa yi maka aiki a kunne ko a ƙirji? kana mura yanzu haka? In ka amsa e a wasu daga ciki to sai ka kawo takardar likita, babu wani roƙo. Dan Allah duk wanda zai gwada kar ya yi ƙarya a wannan fom don kar kuɗinsa su tafi, kuma mu da sikila ta yi yawa a cikinmu, mai ita kar ya ma fara sai likitansa ya yarda. Murar ma da muke rainawa tana hana nutso, dalilin zai zo a gaba.

Malamin da aka haɗa ni da shi wani saurayi ne ɗan tsibirin, siriri, rana ta dafa shi ya yi baƙi ƙirin. Da buɗe bakinsa ya ce min "karibu kaka". Na ce a raina kai, furfura uku ce fa kawai a gemuna har na zama kaka? Ashe a Suwahili kaka yaya ne, wato babban wa. Da na gaya masa ma'anarta a Hausa ya yi dariya har da riƙe ciki, daga nan kuma bai sake kirana da wani suna ba har muka rabu.

Tsarin da na shiga na 'yan gwaji ne, ba kwas ɗin samun lasisi ba. Ƙungiyar PADI, wadda galibin shagunan nan ke bin ƙa'idarta, ta yanke cewa ɗan gwaji ba zai wuce zurfin mita 12 ba kuma dole malami na maƙale da shi. Mai son lasisin farko kwana uku zuwa huɗu yake yi, ya yi nutso huɗu a teku, sannan a yarda ya kai mita 18. Ni dai yamma ɗaya aka ba ni a tafkin wanka, washegari teku.

Ya shimfiɗa kayan a ƙasa yana nuna min ɗaya bayan ɗaya. Tulun nan da na zata iskar asibiti ce a ciki, ashe wannan iskar da muke shaƙa ce ta yau da kullum, an tace ta an danna ta da ƙarfi har geji ya nuna 200. Akwai regileta, abun da ake cizawa a baki, shi ke rage ƙarfin iskar ya ba ka daidai lokacin da ka ja. Ya ce wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, su suka haɗa irinsa a 1943. Akwai wata falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta da maɓalli, ita ke sa ka taso ko ka nitse. Sai bel mai ɗauke da curin dalma, sai gilashin fuska da ya rufe har hanci, sai takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa. Rigar roba da ya fara ba ni gajera ce iya cinya, na ce a'a malam a nemo min mai kaiwa idon sawu, bai ma tambaye ni dalili ba, shi ma musulmi ne ya gane.

Daga nan ya zaunar da ni ya ce kaka, doka ɗaya ce in ka manta komai kar ka manta ta: kar ka taɓa riƙe numfashi. Na ce ikon Allah, ni da duk abun da na iya a ruwa riƙe numfashi ne. Ya ɗauko misali da balan-balan. A saman ruwa nauyin iskar duniya ɗaya ne a kanka, in ka sauka mita 10 ya zama biyu. Iskar da ka shaƙa a mita 10 in ka riƙe ta ka taso sama, ninkawa za ta yi biyu a cikin huhunka, huhu kuma ba roba ba ne, yagewa yake yi. Yaron kududdufi ba ya samun wannan matsalar saboda iskarsa daga sama ya ɗauko ta, ta matse ta dawo yadda take. Amma mai tulu a ƙasa yake cika ƙirjinsa. Nan jikina ya fara sanyi.

Tafkin ma da ruwansa iya ƙirji bai zo min da sauƙi ba. Na durƙusa, ruwa ya rufe kaina, regileta na bakina, iska na nan a jiran in ja, amma ƙwaƙwalwata ta ce ina, ba a numfashi a cikin ruwa. Shekara talatin da wani abu jiki ya san haka, ba a minti ɗaya zai bari ba. Da ƙyar na ja na farko, na ji wata ƙara kamar ana ba taya iska, na fesar kumfa ta bi ta gefen kunnuwana. Iskar busasshiya ce ƙayau, maƙogwaro har kamewa yake. Ya koya min cire regileta a ƙarƙashin ruwa in mayar in feso ruwan da ya shiga, da yadda zan laluba in nemo shi in ya suɓuce, kuma duk lokacin da ba ya bakina sai in riƙa sakin 'yan ƙananan kumfa don kar maƙogwaro ya rufe. Wanda ya ba ni wuya shi ne fitar da ruwa daga gilashi: a bar ruwa ya shiga da gangan, ka danne saman gilashin, ka ɗaga kai kaɗan, ka fyace iska ta hanci. Sau uku ina shaƙar ruwa ta hanci ina miƙewa tsaye ina tari. Gashin bakina kuma ya hana gilashin kama fata, ruwa na ta tsiyaya, daren ranar sai da na sa reza na rage layin da ke ƙarƙashin hanci.

Sai maganar hannu. Da ya tambaye ni da alama ko lafiya, ni kuwa na ɗaga masa babban yatsa irin na Facebook, kawai sai na ga ya kama ni ya taso da ni sama. Ashe a wajensu babban yatsa sama na nufin mu fita. In lafiya kake, babban yatsa da manuniya za ka haɗa su yi zobe. In da matsala, ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa shi sannan ka nuna inda matsalar take. Na kwana ina maimaita wannan kamar mai hadda.

Da sassafe bayan asuba muka fita. Ruwa ya janye sosai, sai da muka taka mai nisa a cikin farin yashi, muna wuce mata da ke duba gonakinsu na ciyawar teku, igiyoyi ɗaure a turaku. Da muka hau jirgi na ji direban ya yi bismillahi majreha wa mursaha kafin ya ta da inji, sai na ji hankalina ya ɗan kwanta. Tafiyar ba ta da nisa, amma igiyar ruwa ta riƙa ɗaga mu tana bugawa, shayin da na sha da chapati suka fara neman hanyar dawowa. Malamin ya ce in kafa ido a can inda sama ta haɗu da ruwa, kar in kalli ƙasan jirgi. Ya ɗan taimaka. Mutumina da ya biyo mu kallo shi ne ya yi aman, Allah ya saka min tun a nan.

Wata Baturiya da ke gefena na ga ta tofa yawu a cikin gilashinta ta goge da yatsa ta ɗauraye. Na kau da kai, sai malamin ya ce ni ma in yi, shi ke hana gilashi yin hazo. Na yi. Aka goya min kaya, nauyi kamar na ɗauki rabin buhun masara, aka zaunar da ni a bakin jirgi na juya wa teku baya. Wai haka zan faɗa, ta baya, hannu ɗaya dafe da gilashi da regileta. Ya ƙirga uku ban tafi ba. Ya sake ƙirgawa, na yi salati a zuci na saki jiki.

Sama ta juya, kumfa ta ko'ina, sai ga ni na taso ina lilo kamar gora saboda falmaran na cike da iska. Nauyin nan duk ya ɓace. Ruwan da ɗumi-ɗuminsa, gishiri kuma kamar an juye buhu. Muka kama igiya, ya nuna min babban yatsa ƙasa, na ɗaga tiyon falmaran na danna, iska na fita ina nitsewa a hankali har ruwa ya rufe idona.

Ko mita 3 ba mu kai ba na ji kamar ana tura min ƙusa a kunnen hagu. An gaya min tun jiya: ka toshe hanci ka hura a hankali tun kafin ka ji zafi, kowace mita, don iska ta bi ta wata 'yar hanya daga maƙogwaro zuwa bayan dodon kunne ta daidaita matsin. Wannan hanyar ce mura ke toshewa. Ni kallon ƙasa ya ɗauke min hankali na manta. Na karkaɗa hannu na nuna kunne, ya ɗago ni sama kaɗan, na hura, na haɗiyi yawu, na karkata kai, sai na ji wani ɗan tsiit, zafin ya tafi kamar an zare ƙaya. Daga nan kowane taku sai na hura.

Wajen mita 6 ne abun ya faru. Na yi murmushi ne ko me, fuska ta motsa, ruwa ya shigo gilashin ya kai min ido, na ja kaɗan ta hanci, gishiri ya bugi ƙwaƙwalwata. Wallahi a wannan daƙiƙar duk karatun jiya ya gudu, yaron kududdufin nan ne ya dawo, na kame numfashi na fara harba ƙafa zan yi sama, hasken rana na can ina ganinsa kamar in miƙa hannu. Sai na ji an riƙe min falmaran gam. Ya matso da fuskarsa dab da tawa, ya nuna idonsa da yatsu biyu wai in kalle shi, ya riƙa kai hannu bakinsa yana janyewa a hankali, shaƙa, fesar, shaƙa, fesar. Na ƙi, na ƙi, can dai na saki kumfar. Na ja iska, ta zo. Na sake ja, ta sake zuwa. Iskar nan tana bakina tun ɗazu ba inda ta je, ni ne na ƙi karɓa. Na danne gilashi na fyace, ruwan ya fice. Ya yi min zobe da yatsu, na mayar masa, hannuna na rawa. Da muka fito ne yake gaya min cewa 'yan mitocin nan na kusa da sama su suka fi haɗari ga mai gudu da numfashi a riƙe, don a nan iska ta fi saurin kumbura.

To bayan nan ne na ga abun da na biya kuɗi dominsa. Ni murjani a wuyan mata na san shi da tasbaha, ban taɓa kawowa halitta ce mai rai ba. Ga shi nan fili guda, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar saniya a teburin mahauci. Kifaye kuwa ba su ma san da zamana ba. Wasu rawaya ɗaruruwa sun tsaya cak a waje ɗaya, in ka doso su buɗe maka hanya su rufe a bayanka. Akwai ɗan ƙarami ruwan lemo mai fararen ɗamara da ke zaune cikin wata halitta mai gashi-gashi, bai kai yatsana ba amma ya fito yana min barazana kamar mai gadin gidan mai kuɗi. Wani dogo siriri kamar sanda ya tsaya da kai ƙasa. Wani mai baki irin na aku yana gatsar dutsen murjani ana jin ƙarar, ƙurus ƙurus, yana saki ta baya kamar hayaƙi, wai wani kaso na farin yashin da Turawa ke kwanciya a kai kashin wannan kifin ne. Malamin ya nuna min wani rami, na leƙa, wani mai kama da maciji ya fito da kai yana buɗe baki yana rufewa, na ja baya da sauri, ashe numfashinsa ne kawai yake yi.

Na zata ƙarƙashin teku shiru ne. Ba shiru ba ne, akwai wata ƙara ƙasa-ƙasa ba ta yankewa kamar ana suyar gyaɗa a yashi, ƙananan jatan lande ne ke yin ta. In jirgi ya wuce kuma ba ka gane ta ina yake, don sauti a ruwa ya fi na iska gudu sama da ninki huɗu, kunne ba ya iya rarrabewa. Komai kuma ya fi girmansa a ido da kusan kashi ɗaya cikin uku, na kai hannu zan kama igiya na damƙi ruwa. Agogon roba ja da ke hannuna ya koma kalar ƙasa-ƙasa, saboda ja shi ne launin farko da ruwa ke shanyewa.

Tsayuwa a tsakiyar ruwa ita ce ban iya ba sam. In na ja numfashi da yawa sai in fara tashi, in na fesar duka in yi ƙasa kamar zan faɗa kan murjani, ga shi an hana taɓawa. Ina ta iyo da hannu kamar mai korar ƙuda, shi kuwa ya harɗe hannuwa a ƙirji yana shawagi ko motsi ba ya yi, da huhunsa kaɗai yake hawa da sauka. Rabin tafiyar a riƙe da tuluna yake ta baya kamar akuyar da za a kai kasuwa, ban ji kunya ba ko kaɗan.

Can sai ya bubbuga tulunsa da ƙarfe ya nuna gaba. Kunkurun teku ne, babba kamar faifan tuwon biki, yana tafe yana kaɗa hannuwan gaba a hankali kamar tsuntsu. Ya wuce ta gefenmu, ya juyo da ido ɗaya ya dube ni irin kallon da tsoho ke yi wa yaro mai rawar kai, ya yi sama abunsa shan iska. Na ce subhanallah da regileta a baki, kumfa ce kawai ta fito.

Geji na ya sauka da wuri. A mita 10 kowane numfashi ninki biyu yake ci na abun da zai ci a sama, ga tsoro ya sa ina zuƙa kamar injin ban ruwa. Minti talatin da kaɗan allura ta kusa 50, wanda shi ne iyakar da ake juyawa, na leƙa nasa ko rabi bai sha ba. Tashin ma ba a yin sa da gaggawa. Muka tsaya a mita 5 na minti 3 muna rataye a igiya, don iskar naitirojin da ta narke a jini saboda matsi ta samu ta fita a hankali, in aka yi sauri kumfa take yi a jiki kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Saboda ita ne ma aka ce kar in hau jirgin sama sai bayan awa 12 in nutso ɗaya na yi, in biyu ne awa 18.

Da kaina ya fito, nauyin duniya ya dawo, hawa tsanin jirgi sai da mutum biyu suka ja ni. Ga majina shaɓe-shaɓe a fuska, ga shatin gilashi zagaye da ido, ga wani fitsari da ya matse ni ba gaira ba dalili, wai haka ruwa ke sa kowa. Mutumina na kwance a ƙasan jirgi ya yi laushi, ya ɗago da ƙyar ya ce ya aka yi, na ce ba komai ai sauƙi ne da shi. Malamin ya kalle ni ya ce "pole pole kaka", wato a hankali, ya miƙo min yankan abarba, bai tona min asiri ba. Bayan hutun kusan awa ɗaya aka ce wa zai koma na biyu, na riga kowa tofa yawu a gilashi.

Da la'asar ina sallah a masauki, ina kai goshi ƙasa sai ga ruwan gishiri ya tsiyayo ta hancina ya jiƙa darduma, ashe tun safe yana maƙale a wani lungu na kai. Da na idar na kira Hajiya a WhatsApp, muka gaisa, ta ce ya aiki, na ce alhamdulillah. Na tura mata hoton da malamin ya ɗauke ni da kunkurun a bayana. Ta yi shiru, ina jin tana neman tabarau, can ta ce wannan mai kama da kwaɗon waye? Na ce ni ne Hajiya. Ta ce a ina? Na ce a ƙarƙashin teku, mita 12. Ta ce to ba ni matarka a waya in ji ko da saninta, na ce ai tana Kano. Ta ce to ka dawo ka same ni.